Kalmar Da Ta Ci Idon Iya: Daga Rum Zuwa Rafukka

A shekarar 1987, shekarar da aka yanke mana Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, ina aji biyu na sakandare, kuma duk gidanmu ni ake gani na sha boko. Cikin kakar wannan shekara aka kai kakata, wadda muke kira Iya, wani asibiti a Kano aka cire mata yanar ido. Kawuna da ya kai ta direban babbar mota ne, ya sauke ta gida da daddare, da asuba ya kama hanyar Legas, duk bayanin da aka yi mashi da baki ya tafi da abinsa. Abin da ya rage mana sai kwalbar maganin ɗigawa da wata 'yar takarda da aka buga da keken rubutu, da Turanci.

Da hantsi Iya ta sa aka kira ni. Ta ce, "Maigida, zo ka karanta mani, mi likita ya ce?"

Na gyara zama kamar wani alƙali. Layin farko ya ce a ɗiga magani sau huɗu, na faɗa mata. Na biyu ya ce kada ruwa ya shiga idon, na faɗa mata. Na uku kalmomi biyu ne kacal: avoid straining. Ta farko na san ta, wato a guji abu. Ta biyu ce ban taɓa gamuwa da ita ba, don haka na ɗauko wani ɗan ƙamus na Turanci da Hausa da bangonsa ya daɗe da cirewa, na bi haruffa har na iske strain. Ma'anar da idona ya fara sauka kanta ita ce "tace". Nan take na ji magana ta zauna daram, domin Iya ta fi shekara talatin tana sayar da koko a ƙofar gida, kuma kullum da la'asar tana durƙushe gaban kwatanniya tana tata. Ban ko kalli layukan da ke ƙasa ba.

Na ce, "Iya, likita ya ce ban da tata."

Ta yi dariya ta ce, "Ikon Allah, ashe har Kano an san da kokona."

Ta bi umarni sau da ƙafa. Ta miƙa wa ƙanwar babana ƙyallen tata, ba ta ƙara taɓa gasara ba. Sai dai Iya ba mai iya zama ba ce, tun da an hana ta tata sai ta karɓi sauran aikin: jan ruwa a rijiya, ɗora tukunya kan murhu, faskare, hura wuta a sunkuye. Ran kwana na tara tana cikin jan guga ta ji wani abu ya tsinke mata a ido. Ɗinkin ne ya buɗe. An mayar da ita Kano an sake ɗinkewa, amma idon nan bai ƙara gani ba sai dishi-dishi har ta koma ga Mahaliccinta. Abin da takardar ke nufi shi ne kada ta yi yunƙuri, kada ta yi nishin ɗaukar abu mai nauyi. Aikin da na hana ta shi ne mafi sauƙi a gidan, waɗanda na bar mata su ne likita ke gudu.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta, wanda ya yi Midil ta Katsina cikin shekarun 1940. Da labari ya kai mashi sai ya aiko in zo da takardar da ƙamus ɗin. Na je ina jiran faɗa. Bai yi faɗa ba, ya sa tabarau ya duba, sannan ya ce, "Kai yaro, garin nan ƙofa nawa gare shi?" Na shiga lissafi: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa. Ya ce, "To mai zuwa Jibiya yana fita ta Ƙofar Ƙaura don kawai ita ya fara gani?" Na ce, "A'a, Baba." Ya rufe ƙamus ya miƙo mani. Tun daga ranar nake bin diddigin wannan kalma, kuma abin da na tarar, mai karatu, ya fi ƙarfin ƙamus, tarihi ne, wani ɓangarensa ma a garin nan aka yi shi.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne strain ba kalma ɗaya ba ce. Kalmomi biyu ne da ba su haɗa uwa ba balle uba, zamani ya goge su har suka zama kamar tagwaye a rubutu da furuci, kamar yadda mu ma idan an rubuta "gari" ba ka sanin na zama ne ko na tuwo sai ka ji abin da ke gaba da bayansa.

Ta farko daga Latin ta fito, harshen tsohuwar daular Rum, inda stringere ke nufin a ɗaure tamau, a matse, a ja. Da Latin ya narke ya haifi Faransanci sai kalmar ta koma estreindre. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ƙetare ruwa ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, Turanci ya koma harshen talakawa da 'yan ƙauye. Wannan abu ne da ya kamata duk mai jin kunyar Hausarsa gaban Turanci ya sani: shi ma Turancin an taɓa yi mashi mulkin mallaka, kuma ya haɗiye dubban kalmomin waɗanda suka mallake shi. Cikinsu har da wannan, wadda ta bayyana a rubutun Turanci wajajen shekara ta 1300.

Idan ka riƙe asalin nan na matsewa da ja, sai ka ga ma'anonin sun jeru kamar 'ya'yan carbi. Mutum ya matse jikinsa don ɗaga kaya ko a bayan gida, wannan shi ne yunƙuri da nishi, shi ne na takardar Iya. Tsoka ta jawu fiye da ƙima har ta yi rauni, shi ma sunansa ke nan, kodayake Turawa sun ware shi da sprain, wanda shi ne targaɗen gaɓa da muke kai wa mai ɗori. Ido ya gaji da ƙura wa rubutu, shi ne. Ɗawainiya ta yi wa magidanci yawa har ya rame, shi ne. Injiniya ya ja ƙarfe ya auna yawan miƙewar da ya yi, shi ne, kuma ɗaliban fasaha na haddace dokar da Robert Hooke ya buga a kan haka a 1678. Hatta amon kiɗa da ke tasowa daga nesa suna kiransa da wannan suna, masana asalin kalmomi kuma na danganta hakan da ɗaure tsirkiya, kamar yadda mai gurmi ke jan tasa kafin ya fara. Ita kuwa tacewa, wadda ta kai ni ta baro, ta shigo ne saboda tatar da can da ƙyalle ake yi, a zuba a murɗa a matse. Duk wanda ya taɓa ganin hannun mai koko lokacin da take murɗe ƙyalle kan dusa ya ga ma'anar Latin ɗin nan da idonsa.

Akwai guda da ke ba ni dariya. Idan zumunci ya lalace, Bature yana ganinsa kamar igiya ce da aka ja tana shirin tsinkewa, sai ya yi amfani da wannan kalma. Mu kuwa sai mu ce dangantaka ta yi tsami. Shi ya tafi wajen igiya, mu mun tafi wajen ƙullun da ya kwana.

Ta biyun kuwa 'yar gida ce, daga tsohon Turanci na kafin zuwan Wiliyam, inda streon ke nufin abin da aka samu ko aka haifa. Daga nan ta zama tsatso, zuriya, jinin gida, halin da ake gado, sannan irin doki ko na kare ko na shuka, daga baya masana ƙwayoyin cuta suka ɗauke ta suka ba kowane reshe na ƙwayar cuta. Babu matsewa ko ja a cikinta ko kaɗan. Ita wannan za mu dawo kanta, don ta taɓa mu a wuri mai ciwo.

Ta farkon tana da dangi da yawa a Turanci, duk jikokin stringere: strict mai tsanani, restrict da restrain da constrain na taƙaitawa da hanawa da tilastawa, stress da yaran yanzu ke cewa yana damunsu, distress na ƙunci, strait na matsattsen mashigin teku irin na Hormuz. Idan ka ƙetare iyaka ta Jibiya ka shiga Maraɗi, garin da sarakunan Katsina na Haɓe suka koma bayan jihadi ya fitar da su daga birni a 1807, ɗan lakwal zai gaya maka cewa a Faransancin yau jikar nan ta zama étreindre, ma'anarta runguma. Matsewar dai ce, amma ta ƙauna. Akwai kuma wani ɗan dangin da na ɓoye, wanda shi kaɗai ne ya samu shiga cikin Hausa, sai mun iso 1903 zan fito da shi.

Kafin nan ya kamata a san cewa Turanci bai iske Katsina tana barci ba. Garin ya yi ɗaruruwan shekaru yana kokawa da wani baƙon harshen, wato Larabci. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya ratso ta nan, Imam Suyuɗi kuma ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura wasiƙa daga Masar. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Shi Ɗan Marna sunansa ma kansa fassara ne, domin a littattafan Larabci Ibnus Sabbag ake kiransa, wato ɗan mai rini. A ƙarni na 18 Muhammadu al-Kashinawi ya tafi har Alƙahira yana koyar da ilmin hisabi, can ya rasu a 1741.

Malaman zaure da suka gaji waɗannan sun san matsalar da ta ci idon Iya tun kafin a haifi kakan Lugga, har suna da sunanta, mushtaraki, wato lafazi ɗaya mai ma'anoni da yawa. Misalin da kowane ɗalibi ke fara ji shi ne ainu: ido ne, idon ruwa ne, ɗan leƙen asiri ne, zatin abu ne, daga can ma muka samo "ainihi", sannan sunan harafi ne. Shi ya sa a zaure ba a sakar wa yaro littafi shi kaɗai. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara gaɓa-gaɓa, kuma fassarar da zai ba kalma a babin tsarki ba lalle ita zai ba ta a babin ciniki ba. Ita kalmar "ƙamus" da kanta daga sunan littafin Fairuzabadi ta fito, Alƙamusul Muhiɗ, ma'anarsa teku mai kewayewa. Mutanen da suka kira abu teku sun san ba a tura yaro cikinsa ba tare da mai fito ba.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka Katsina a 1851 da kuma 1853. Ya iske birnin ya ragu ƙwarai daga yadda yake kafin jihadi, kasuwa ta koma Kano, amma duk da haka ya rubuta cewa a nan ne Hausa ta fi wadata da daɗin furuci. Kanawa su yi haƙuri, ba ni na faɗa ba.

A 1903 Lugga ya shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka, zamanin Sarki Abubakar. Cikin shekara uku aka sauke sarakuna biyu, shi Abubakar da Yero, sannan a 1906 sarauta ta koma hannun Durɓi Muhammadu Dikko, da goyon bayan jami'in Turawa H. R. Palmer. A zamanin nan aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka ce kowane hakimi ya bar birni ya koma ya zauna cikin ƙasarsa ya tara haraji, aka kafa baitulmali. Sunan gunduma da Turanci district, kuma ga ɗan dangin da na ɓoye. Asalinsa a Latin na tsakiyar zamani shi ne yankin da mai mulki ke da ikon matsa wa mutane da kama dukiyar wanda ya ƙi biya. Jami'in da ke kula da gunduma shi ne kakanninmu suka kira Di'o, daga haruffan farko na muƙaminsa. Wato duk zuriyar stringere, harafi ɗaya tak Hausa ta ara, "Di" ɗin Di'o, kuma talakan da aka taɓa shanyawa a rana kan kuɗin haraji ko jangali bai buƙaci ƙamus ba kafin ya san ma'anarsa matsi ce.

Koyon Turancin na sosai kuwa sai da aka kafa Kwalejin Horon Malamai a Rafukka. Ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance ranar 5 ga Maris, 1922. Cikin jawabinsa ya ba da dalili biyu na zaɓen Katsina: sunan da ta yi na garin ilmi da addini, da kuma nisanta da layin dogo da hayaniyar garuruwan ciniki. Dalili na biyun yana da ciki. Turawa sun ga abin da boko ya haifar a Legas, lauyoyi da 'yan jarida masu mayar masu da magana, ba su son irinsa a Arewa. Suna son Turanci mai kyau, amma a bakin mutane kaɗan, zaɓaɓɓu, nesa da jirgin ƙasa. Ita kanta kwalejin mataci ce, kuma mai ƙananan ramuka.

Abin da ya ratsa ta cikinta dai ba a musun ingancinsa. Ginin ƙasa ne, karatun shekara biyar ne, da Turanci ake koyar da darussa, kuma malamai irin su Gerald Power sun yi suna wajen nacewa kan furuci. Ahmadu Bello ya shiga a 1926 ya fita a 1931. Abubakar Imam ya yi daga 1927 zuwa 1932. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi daga 1928 zuwa 1933, kuma Turancin da ya sa duniya ta yi mashi laƙabi da mai muryar zinariya a Rafukka ya koye shi. A 1938 aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau, tsohon ginin kuma ya zama gidan tarihi.

Dattijon maƙwabcinmu ɗaliban wannan kwaleji ne suka koyar da shi a Midil, kuma ya sha ba ni labarin yadda suke yi. Ya ce idan ka tambayi malaminsu ma'anar kalma, ba ya amsawa sai ya ce ka kawo jimlar da ka tsince ta a ciki, in ba ka da jimla ka koma ka nemo. Da na girma na gane wannan ai hanyar zaure ce aka sa mata wando da kwat. Yawancin yaran nan sun yi allo kafin su ga boko, kuma a cikin kwalejin akwai malamai irin su Malam Bello Kagara da ke koyar da Larabci da addini. Mu kuwa 'yan bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, mun fi sittin a aji, an faɗaɗa ƙofa, abin a yaba, amma ba a ƙara yawan masu fito ba. Aka miƙa mana teku a aljihu aka ce mu yi iyo.

Akwai wani abu game da ƙamusun da ba a cika lura da shi ba. Na farko-farko duk an yi su ne don Bature ya koyi Hausa, ba don Bahaushe ya koyi Turanci ba. J. F. Schön ya buga nasa a 1876, bayan ya yi aiki da Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Ingila. C. H. Robinson ya biyo baya a 1899. Sai babbansu, na G. P. Bargery, wanda gwamnati ta ɗora wa aikin a 1921, shekarar da kwalejin Rafukka ta fara, ya fito a 1934 da kalmomin Hausa kimanin 39,000, yana ma nuna wadda Katsinanci ce da wadda Sakkwatanci ce. Amma ɓangarensa na Turanci zuwa Hausa ɗan taƙaitaccen jeri ne a ƙarshen littafi. R. C. Abraham ya fitar da nasa a 1949, shi ma Hausa zuwa Turanci. Sai a 1965 Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa, wanda ɗan makaranta zai iya riƙewa. Ke nan su Imam sun ƙware da Turanci ba da irin ɗan littafin da na dogara da shi ba, daga bakin malami suka ɗauka, jimla-jimla.

Kuma abin sha'awa, mutanen da suka fi kowa jin Turanci a zamaninsu su ne suka fi kowa rowar zuba shi cikin Hausa. Da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar ƙaga labarai a 1933, uku daga cikin littattafai biyar da aka buga na mutanen Rafukka ne: Ruwan Bagaja na Imam, wanda ya rubuta yana koyarwa a Midil ta Katsina, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. Duk mai karatun da ya bi su ya san ba a tuntuɓe da Turanci a cikinsu. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Imam na edita, yaƙin duniya na biyu ya ɓarke cikin shekarar, kullum sai an nemo wa sabon abu suna. A nan aka ga ƙa'idar da Hausa ke bi, ko an rubuta ta ko ba a rubuta ba. Abin da ya zo baƙo da jikinsa, a bar mashi sunansa a gyara mashi baki: mota, tebur, bokiti, birki, asibiti, fensir. Abin da muke da shi tun fil azal kuwa ba a aro mashi suna.

Shi ya sa strain ba ta samu masauki ba. Kowace ƙofa ta ƙwanƙwasa ta iske mai gida a ciki. A madafa akwai tacewa da mataci, akwai tankaɗe da rariya ga busasshen gari, akwai matsa ga mai ƙuli-ƙuli, akwai tatsa ga mai nono, akwai tsiyayewa ga ruwan da ya kwanta kan gasara. Inda Turanci ya yi jimla, matan gidanmu sun yi dalla-dalla. A jiki akwai yunƙuri, nishi, targaɗe, gocewar ƙashi, ciwon jijiya, gajiya. Na lura da wani abu a nan wanda ya daɗe yana burge ni. Kalmomin da ke fassara ta farkon, ta matsewa, kusan duk Hausa ce tsantsa, ta tsakar gida. Amma da ka koma kan ta biyun, ta tsatso, sai ka ji ƙamshin zaure. Ban da "iri" da "tsatso", sauran duk Larabci ne: asali, zuriya, nasaba, jinsi, nau'i. Wato Hausa ta amsa wa baƙon da ya zo a 1903 da kayan da ta karɓa daga baƙon da ya riga shi da shekara ɗari huɗu.

Kada a ɗauka wannan wasan malamai ne kawai. Daga 2011 aka yi gangamin rigakafin sanƙarau a jihohin Arewa da allurar MenAfriVac, wadda aka yi don reshen ƙwayar cutar da ake kira A, wanda shi ne ya yi mummunar ɓarnar 1996. Allurar ta yi aiki. Amma a ƙarshen 2016 sanƙarau ya sake ɓarkewa daga Zamfara, a 2017 ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, kuma wannan karon reshen C ne, wanda waccan allura ba ta karewa. Na ji da kunnena a majalisa ana cewa ai an yi wa yara allura ga shi ba ta hana komai ba, ashe dama yaudara ce. Duk bambancin da ke tsakanin "allurar ƙarya ce" da "allurar wani nau'in ce" yana rataye ne kan yadda mai karanta labarai ya fassara kalma guda. Wanda ya ce "sabon nau'in sanƙarau" ya taimaki jama'a. Wanda ya ce "sanƙarau ya dawo" ya yi irin aikina na 1987, sai dai shi kakanninsa sun kai miliyan. Haka aka sake yi da korona a 2021, lokacin Delta da Omicron, amma zuwa lokacin kunnuwa sun saba da "nau'i".

Don kada a ce na yi wa Turanci sharri shi kaɗai, ita ma "tace" tamu ba ta zauna bakin kwatanniya ba. Da aka buɗe wurin sarrafa ɗanyen mai a Kaduna a 1980, matatar mai muka kira shi, kamar gasara ce ake yi. Da Jihar Kano ta kafa hukumar duba finafinai da littattafai a 2001, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i aka raɗa mata, kuma marubutan da suka ga rigimar rajista ta 2008 sun san ramukan wannan mataci ba irin na koko ba ne. Muna cewa tataccen malami, muna kuma cewa tataccen ɓarawo. Turanci na da kalma daban ga kowanne daga cikin waɗannan, ba ko ɗaya da yake kira strain. Da jikan wani Bature zai buɗe ƙamus ya fassara wa kakarsa "an tace fim ɗin", ina jin tsoron zai ce mata an zuba shi cikin ƙyalle an murɗa.

Iya ba ta taɓa riƙe ni da abin ba. Ta ce abin da Allah Ya rubuta ne, kuma da ta warke ta karɓe ƙyallenta ta ci gaba da tata da ido ɗaya har ƙarfinta ya ƙare. Iyakarta tsokana irin ta kaka da jika. Duk ranar da na dawo hutu daga jami'a, da ta ji sallamata sai ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji, ta ce, "Ku ɓoye mataci, ga likita nan ya iso."

Ɗan ƙamus ɗin yana nan wurina, da takardar asibitin a ninke cikin shafin, ta yi ja saboda tsufa. Na sha buɗewa in duba. Layin farko "tace" ne, kamar yadda na gani a ranar. "Yi yunƙuri" yana layi na uku, tazararsa da na farkon ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba.